Hoton da Aksel Ya Zaɓa

Wata goma sha ɗaya Aksel ya yi yana ɓoye wa matarsa Bodil cewa idonsa na tafiya. Ranar da suka tsaya a layin shiga babban gidan hotuna na Amsterdam, ruwa na yayyafi a kan hulunansu, abin da yake fata bai wuce ya ƙara kwana ɗaya a kan waɗannan watanni ba.

Ba duka ganin ya tafi ba, shi ya sa ƙaryar ta daɗe. Ya je wurin wata likitar ido a Kolding a ɓoye, bayan ya ce wa Bodil zai je gaida tsohon abokin aiki. Likitar ta ce tsakiyar ganin ce ke mutuwa, gefe-gefe zai rage masa, kuma irin nasa ba ya jin magani. Duk abin da ya zuba wa ido sai ya koma wani tabo mai ruwan toka, kamar an goga yatsa mai maiƙo a jikin gilashi. Yana ganin ƙafar tebur, yana ganin keke in ya taho ta gefe. Rubutu da fuskar mutum ne suka gagare shi. In yana son sanin ko Bodil na murmushi, sai ya kawar da kai ya dubi bango, ya sato ta da wutsiyar ido.

Ya sayar da mota, ya ce hayaƙi ya ishi duniya haka. Ya bar jarida ya koma rediyo, ya ce 'yan jaridar yanzu ba su iya rubutu ba. Bodil ta ɗaga kafaɗa ta ƙyale shi. Mu mutanen yammacin Jutland mun ƙware a wannan. Mutum zai shekara yana fama a gida ɗaya da kai, in ka tambaye shi ya ce ai da sauƙi, kai kuma ka karɓa, don a wurinmu tambaya ta biyu shisshigi ce. Muna kiran abin mutunta juna. Ni dai na ga gidajen da ya cinye.

Yana da dalilinsa. Shekara tara Bodil ta yi tana jinyar mahaifiyarta, wanka da ɗura abinci da juya ta a gado. Ranar da aka binne tsohuwar, suna zaune cikin mota a ƙofar coci, ta tuɓe takalmanta ta ce, "Na gama, Aksel. Ba na ƙara ɗaukar kowa. Ko kai ne, in ka tashi lalacewa, don Allah ka lalace a lokaci guda." Da dariya ta faɗa, shi ma ya taya ta. Amma maganar ta samu wuri ta zauna a ƙirjinsa, kuma ita ce ta fara tashi ranar da likita ta kashe fitilarta ta juyo da kujera. Tsoro yake ji, tsoro na gaske: ko dai Bodil ta tafi, ko ta zauna tana ƙirga shekarunta a kansa. Bai san wanda ya fi muni ba.

"Tsoho, tikitin yana wayarka ko tawa?" in ji Bodil.

"Taki. Tawa ai ta ado ce."

"Shekara talatin da biyar kana koya wa 'ya'yan mutane auna katako daidai da silin gashi, wai waya ta gagare ka. Matsa gaba, layi ya tafi ya bar ka."

Ya matsa. Da suka ba da kwat ɗinsu a wurin ajiya sai rigar sanyinta ta bayyana, rawaya shar kamar gwaiduwar ƙwai. Shi ya saya mata lokacin Kirsimeti. Ta ce ya mayar da ita ɗan tsako da tsufanta, amma tana sawa. Ba ta san ya zagaye shaguna huɗu ba yana neman launin da zai iya tsinta a cikin taro.

Suna da wata al'ada tun tafiyarsu ta farko bayan aure, kuma ba su taɓa karya ta ba a shekara arba'in da ɗaya. In sun shiga gidan hotuna, a bakin ƙofa suke rabuwa. Kowa ya kama gabansa awa biyu, ya zaɓi hoto ɗaya tak, sannan su haɗu. Wanda ya iso a ƙarshe shi ke fara kai ɗan'uwansa gaban nasa, ya faɗi abin da ke ciki da abin da ya sa ya zaɓa. Ba a karanta rubutun da ke gefen hoto, ba a maƙala na'urar bayani a kunne, kuma wanda aka kawo ba ya buɗe baki sai mai magana ya ce ya gama. Bodil ce ta kafa wannan doka ta ƙarshe, don a lokacin Aksel ba ya barin mutum ya kai aya.

"Sha biyu, ƙarƙashin agogo," ta ce. "Kada ka sake zaɓo min jirgin ruwa. Na ga jiragen da za su ishe ni har kabari."

"Ke kuma kada ki kawo ni gaban furanni."

Ta juya. Ya kawar da kai ya bi rawayar da gefen ido har ta shige cikin mutane.

Ya riga ya shirya komai tun daga gida. Shekara ashirin da shida da suka wuce sun zo wannan gida, kuma akwai wani ɗan ƙaramin hoto da ya kusa zaɓa a lokacin, sai wani jirgin ruwa ya ɗauke masa hankali. Bai taɓa gaya wa Bodil ba. Ya tono tsohon littafin gidan daga akwati, ya shiga ɗakin aikinsa ya rufe, ya bi hoton da gilashin ƙara girma kusurwa-kusurwa har ya haddace shi. Ya haddace hanya ma: matakalar dama, bene na biyu, ɗaki na uku a hannun hagu, bangon da ke kusa da taga.

Sai dai awa biyu suna da tsawo ga wanda ba abin da zai kalla. Ya bi ayarin mutane suka kai shi babban zaure, inda hoton da kowa ya zo dominsa yake. Ya tsaya a baya. Bayan riguna yake gani, da hannaye a sama riƙe da wayoyi, da wani duhu mai faɗi a bango wanda ya san mutane ne a ciki sanye da manyan huluna. Harsuna iri-iri na wuce shi hagu da dama. Wata mata ta ja numfashi kusa da shi ta ce wani abu a hankali cikin yaren da bai sani ba, mijinta ya amsa, suka yi 'yar dariya tare. Aksel ya gyaɗa kai shi ma, kamar wanda ya ga abin da suka gani.

Ya samu benci ya zauna. A da, waɗannan awoyi biyu su ne daɗin tafiyar. Yana yawo shi kaɗai amma da Bodil a ransa, yana cewa wannan zai ba ta haushi, wancan zai sa ta dariya. Yau kuwa ya ji kaɗaicin da bai taɓa ji ba, har a ɗakin likita. Ɗaruruwan mutane sun taru a gida ɗaya don yin abu ɗaya, shi ne kawai ya biya kuɗin shiga ya zo ya zauna yana kallon takalma. Sau biyu wani abu rawaya ya gifta, zuciyarsa ta buga. Na farko jakar wani ce, na biyu bai ma gane ko mene ne ba.

Da ya gaji da zama sai ya tashi ya nemi matakalar dama, ya riƙe ƙarfen gefe, yana hawa yana ƙirgawa. Bene na biyu. Ɗaki na ɗaya, na biyu, na uku. Ga taga, ga haske na shigowa ta hagu yadda ya tuna. Ga kuma ɗan hoto kewaye da baƙin firam na katako, girmansa bai fi tiren shayi ba, launin ƙasa-ƙasa, da wani fari a tsakiya. Daɗi ya kama shi. Ya matsa kusa, ya karkata kai yana neman ya kamo farin da gefen ido.

"Yallaɓai, ɗan ja baya kaɗan," in ji wata murya. Mai gadin ɗakin ce, wata dattijuwa da makullai ke ƙara a ƙugunta. "Ka kusa taɓa shi da hanci."

"Yi haƙuri."

"Ba komai. Yana da kyau, ko? Ba kowa ke tsayawa a wurinsa ba."

Tambayar ta zo har bakinsa. Kalma biyar ce kawai: me ke cikin hoton nan? Baƙuwa ce, ba za ta sake ganinsa ba har abada. Amma wanda ya shekara yana haɗiye magana, maƙogwaronsa ya saba. Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Na daɗe da saninsa." Ta yi gaba da makullanta.

Tun da ba ya iya karanta agogo, sai ya sauka da wuri ya tsaya a ƙarƙashinsa. Ya yi tsayuwar da ta fi rabin awa kafin rawayar ta ɓullo.

"Au, yau kai ka riga ni? Lallai duniya ta zo ƙarshe. To taho, ni ce farko."

Wannan mai sauƙi ne, sauraro kawai zai yi. Ta kai shi wani ɗaki a ƙasa, ta tsayar da shi gaban wani hoto mai duhu, ta harɗe hannuwa yadda ta saba.

"Miji da mata ne a teburin cin abinci," ta ce. "Sun gama ci, ba wanda ya kwashe kwanuka. Shi ya juya yana kallon murhu. Ita kuma shi take kallo. Dubi hannunta, ta ɗora shi a kan wata takarda, ta tura ta har kusa da gwiwar hannunsa. Ban san me ke cikin takardar ba. Na dai san ta daɗe a wurin. Abin da ya sa na zaɓe shi, matar nan ba fushi take yi ba. Ta wuce nan. Jira take ya juyo." Ta sauke hannuwanta. "Na gama."

Aksel ya gyaɗa kai a hankali, irin na masana. Hankalinsa na can bene na biyu yana bitar haddarsa.

"An iya haske a nan," ya ce.

"Shi ke nan?"

"To, firam ɗin ma aikin hannu ne mai kyau."

Bodil ta ce, "Mu je ka nuna min naka."

Ya wuce gaba, abin da ya daɗe bai yi ba, yana taka matakala kamar mai gidan. Ɗaki na uku, kusa da taga. Ya tsaya, ya gyara murya.

"Bayan gida ne, da safe. Kin ga jan bulo, an share shi tas. Ga mace ta sunkuya a bakin rijiya tana jawo guga, farin nan da kike gani a tsakiya ɗankwalinta ne. Ba a ganin fuskarta, ta ba mu baya. Ƙofar kicin a buɗe take a bayanta, in kin lura akwai wata ƙofar a ciki, ita ma a buɗe, har kina hango titi. Can ƙasa ta dama, takalmin yaro ne ƙafa ɗaya, an yar."

Ya ji ta ja numfashi kamar za ta yi magana, ya ɗaga yatsa. "Doka, Bodil. Ke kika kafa ta."

Maganar ta fara yi masa daɗi, don ya daɗe bai yi mata doguwar magana ba tare da yana auna kowace kalma ba.

"Abin da ya sa na zaɓe shi, ke ce. Gidanmu na farko a Esbjerg, wanda famfonsa ke tsakar gida. Kullum da safe ina tsaye a taga ina shan kofi, ke kina can kin ba ni baya kina tara ruwa, kina zagin famfon. Ba ki taɓa sanin ina kallonki ba. Wanda ya zana wannan, na rantse matarsa ce. Ba ya bukatar fuskarta, ya san ta ta ƙeya. Mutum in ya daɗe da mace haka, ko a ina ta tsaya zai gane ta." Muryarsa ta ɗan karye, ya yi tari ya rufe. "Na gama."

Ya jira tsokana. Ya jira ta ce tsufa ya mayar da shi mawaƙi. Ba abin da ya ji sai takun mutane da ƙarar makullai a ɗaya ɗakin.

"Aksel," ta ce, can ƙasa. "Kifi ne."

"Me?"

"Kifaye uku ne a farantin ƙarfe. Da lemon tsami an fere shi rabi, da wuƙa. Farin da kake nunawa cikin kifi ne." Ta matsa ta karya ɗaya dokar, ta karanta ɗan rubutun da ke gefe. "Wai na da ɗin an kai shi gyara tun bazara. Wannan aka rataya a madadinsa."

Akwai benci a tsakiyar ɗakin. Bai san yadda aka yi ya kai gare shi ba. Ya ji katakon ya motsa da ta zauna, ba kusa sosai ba.

"Kalle ni," ta ce.

Ya juyo ya fuskance ta sosai, ta ɓace. Rawaya a ƙasa, farin gashi a sama, tsakiya babu kowa.

"Yatsu nawa na ɗaga?"

"Bodil, don Allah."

"Tun yaushe?"

"Wata goma sha ɗaya."

"Motar?"

"E."

"Jaridar? Da abokin nan na Kolding da ba shi da suna?"

"Likita ce. Ta ce ba zai dawo ba. Zai ƙaru ma."

"Wannan rigar fa, ta 'yan tsaki?"

Ya gyaɗa kai. Ta yi wani sauti, shi ba dariya ba shi ba kuka ba.

"Amma kai wawa ne, Aksel. Tsohon wawa. Me ya hana ka buɗe baki?"

"Ke kika ce kin gama. A mota, ranar jana'izar Mama. Kika ce ko ni ne."

"Maganar da na yi ƙafafuna na ciwo, ban yi barcin kirki ba shekara tara? Ita ka ɗauka ka riƙe?" Ta sassauta murya, don wasu baƙi sun shigo ɗakin. Ta jira suka dudduba suka fita. "Ka san abin da na ɗauka? Duk sanda na yi maka magana sai ka juya ka kalli bango. Na rage gashina, ba ka ce komai ba. Na zauna a gabanka ina hawaye ranar da Gudrun ƙawata ta rasu, ka tambaye ni ko akwai sauran cuku. Na ce to, mutumin nan ya gaji da ganina, kunya ce ta hana shi faɗa. Ni ma ban tambaya ba. Na ce ba zan roƙi kallo ba da tsufana."

"In na kalli bango, ke nake kallo. Ta nan kaɗai nake samunki."

"Yanzu na sani."

Ya ji wani abu ya sauka daga kafaɗarsa, mai nauyi, har ya fara tunanin watakila mafi munin ya wuce. Ya miƙa hannu a kan bencin yana laluben nata. Bai same shi ba, ta haɗa su a cinya.

"Akwai wani ɗan gida a Ribe," ta ce. "Ɗaki ɗaya da kicin, kusa da ƙanwata. Na je na duba shi sau biyu a watan Oktoba. Suka ba ni takardun haya. Ban ɓoye ba, Aksel. Na ajiye su a kan teburin kicin, a gefenka, da sunana da manyan baƙaƙe. Na ce in ya gani ya ce kada ki tafi, ko da wasa ya faɗa, zan yaga su. Sati uku suna wurin. Kullum da safe kana ɗora kofinka a kai."

Ya tuna su. Wasu fararen takardu da ya ɗauka tallan kanti ne. Har ya taɓa share ɓurɓushin burodi da su.

"Wannan tafiyar," ta ce, "na so ne mu yi ta ƙarshe cikin mutunci, in gaya maka a jirgi in muna komawa."

Ya kawar da kai ya dubi taga, ta dawo masa a gefen ido, 'yar ƙarama, ta sunkuya tana kallon hannuwanta.

"Kin sa hannu?"

"Na sa. Ran ɗaya ga wata za su ba ni makulli."

"Ana iya fasawa?"

"Takarda ce, ana iya yaga ta." Ta goge hanci da bayan hannu. "Amma wata goma sha ɗaya na yi ina koya wa kaina zama ba kai, Aksel. Da ƙyar na koya, kuma na iya. Ban san yadda ake mayar da wannan ba."

Mai gadin ta leƙo, ta ga tsofaffi biyu zaune a gaban kifayenta, ta yi murmushi ta wuce. Suka ci gaba da zama, da tazarar mutum ɗaya a tsakaninsu.